Awon Hannun Manomin Takieta

Shekaru sun ɗan ja tun da abin ya faru, kuma a lokacin ban rubuta kome ba sai abin da aiki ya tilasta mini. Don haka ba zan rantse a kan kowace magana da zan kawo nan ba. Mai yiwuwa na haɗa ranaku biyu na mai da su ɗaya, mai yiwuwa kuma na sa wa wani maganar da wani ne ya faɗe ta. Abin da nake da tabbaci a kansa shi ne kuskuren da na yi, don shi kam ban manta ko gefensa ba.

Da na gama jami'a a Yamai sai aka turo ni gida Damagaram in yi estaj, wato aikin gwaji na shekara guda, a wata cibiya da ke koya wa naƙasassu sana'a. Santir muke ce mata. Gida ne mai ɗaki huɗu da rumfa biyu da bishiyar bedi ɗaya a tsakar fili. Ana koyar da ɗinki da dukanci da gyaran rediyo da saƙar kujeru. Masu nema sun fi guraben yawa ko da yaushe, shi ya sa ba a ɗaukar kowa sai an auna shi. Awon nan shi aka ba ni. Duk wanda ya zo, ni zan zaunar da shi in gwada ganinsa da jinsa da ƙarfin damƙarsa da saurin yatsunsa, in cika takarda, in rubuta sana'ar da nake ganin jikinsa zai ɗauka. Daga nan madam shugabar santir ta buga tambari, takardar ta tafi gaban komisiyo, mutum biyar da ke zama su raba guraben. Su ba sa ganin mutum, takarda kawai suke gani.

Kayan awon suna cikin wani akwatin katako da wata ƙungiya ta bari tun kafin zuwana. Akwai abin matsawa mai allura da ke nuna ƙarfin hannu, da agogon awo, da littafin bayani da Faransanci wanda na karanta sau biyu har na ja layi a ƙarƙashin rabinsa. Sai allo mai ramuka jere da wasu ƙusoshin ƙarfe marasa tsini, kowace ba ta kai tsawon gaɓar yatsa biyu ba. Mutum zai riƙa ɗaukar ƙusa yana sakawa a rami har rabin minti ya cika, a ƙirga. A jikin takardar akwai jan layi. Wanda bai kai shi ba, ba a tura shi sana'ar hannu.

Abu ɗaya ya ɓace daga akwatin, ɗan farantin da ake zuba ƙusoshin. Teburina kuma ƙafarsa ɗaya gajera ce, in na zuba su a kai sai su gangara ƙasa, mu duƙa muna tsinta. Sai na yi dabara. Na riƙa zuba su a tafin hannuna in miƙa kusa da allon, mutum yana ɗauka daga nan. Har daɗin dabarar na ji, ina ganin ta fi mutunci, kamar ina taya mutum aikin. Ban gaya wa kowa ba, don ban ɗauke ta abin faɗa ba.

Mai koyar da dukanci wani tsoho ne Babarbare da shan inna ta shanye masa ƙafa tun yana yaro. Da ya ji mahaifiyata Bafillatana ce, shi ke nan na shiga uku da wasan Barebari da Fulani. Bai taɓa kiran sunana ba.

"Bafillace mai agogo," haka yake tarbata kowace safiya. "Yau hannun wa za ka ƙirga? Ku da ko shanunku ba ku yarda a ƙirga?"

"Ina kwana, baba."

"Da ban kwana ba za ka gan ni? Wuce, bawana."

Ni ban iya ramuwa ba. Sai na shiga biro, wato ofishina, amsar take zo mini.

Bayan kaka ne, ina jin sati biyu kafin a fara sabon zango, mutumin ya zo. A ajin dukanci gurbi ɗaya ya rage. Manomi ne daga wani ƙauye kusa da Takieta, zai yi shekara arba'in ko sama kaɗan, dogo, ba mai yawan magana ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya tuɓe takalmi, na lura maɗaurin ɗaya ya tsinke, da jansa ya iso daga tasha. Ya miƙo mini takardar likita. Injin ɓarar gyaɗa ne ya kama masa hannun dama damina biyu da suka wuce. Babban yatsa ya tsira, da rabin manuni. Sauran sun tafi, wuyan hannun kuma ya sandare.

Na tambaye shi me ya kawo shi.

"Mushe, hauya ta fi ƙarfina," ya ce, don da wannan kalmar ta Faransanci ake girmama ma'aikaci a wajenmu. "Ƙannena ke nome mini gona. Ba su taɓa ɓata fuska ba, Allah ya saka musu. Amma damina biyu ke nan ina zaune gindin rumbu ina korar kaji, ƴaƴana suna kallo. In aka koya mini aikin fata, ko kube ne da takalmi, zan samu abin fita da shi ranar kasuwa."

Na ce masa ba ni ke ɗauka ba, ni awo kawai nake yi. Wannan maganar nakan faɗa wa kowa, ina jin don in sauke wa kaina nauyi ne. Na zaunar da shi a kujera. Ya zauna a bakinta kamar mai jiran a tashe shi. Idonsa lafiya, kunnensa lafiya. Na miƙa masa abin matsawa, ya karɓa da dama, ya matsa, allurar ta ɗan motsa ta koma. Na zuba ƙusoshi a tafina, na bayyana masa yadda ake yi, na danna agogo.

Ya miƙo hannun dama, ya sa na hagu ya tallafe shi a ƙarƙashin gwiwar hannu. Ya daɗe yana kokawa kafin ya maƙale ƙusa ɗaya tsakanin babban yatsa da guntun manunin. Ta farko ta shiga. Ta biyu ta suɓuce ta faɗi ƙasa. Gumi ya tsatso masa a goshi. Da rabin minti ya cika, uku ke cikin allon.

A nan dole in faɗi gaskiya, na tuna da hannun hagu. Littafin ya ce a gwada hannu biyu, amma takardar da muke cikawa gida ɗaya ke gare ta, na hannun da mutum ke aiki da shi. Na ce masa, kuma ina jin a hankali na faɗa, ina duban agogo:

"In kana so, kana iya gwadawa da ɗayan."

"A'a, mushe. Wannan ma ya isa."

Na ɗauka yana nufin hagun ba ta da wani amfani da ya wuce wannan. Akwai mutum biyar a kan benci suna jira, rana ta yi. Ban sake tambaya ba. Na rubuta uku. A wurin da aka bari don ƙarin bayani na rubuta da Faransanci mai kyau cewa mai neman yana tallafar hannu da ɗayan, alamar raunin kafaɗa. Na ji daɗin jimlar, don irin ta littafin ce. A ƙasa na rubuta bai dace da sana'ar hannu ba, a duba masa ƙaramin ciniki. Na sa hannu. Kafin azahar madam ta buga tambari a kan takardun ranar duka ta sa su a aljihun teburinta.

Da na gaya masa, bai yi gardama ba. Ya ce, "To. Allah ya sa haka ya fi alheri." Ya roƙi a bar shi ya zauna a inuwa har rana ta yi sanyi kafin ya koma tasha.

Bayan azahar na fito zan cika buta a randar da ke bayan rumfar dukawa. Almajiran sana'ar sun tafi cin abinci. Tsoho na kishingiɗe a kan buzunsa, manomin kuma na zaune a ƙasa gefensa, ya naɗe wando zuwa gwiwa. Ya haɗa tafin ƙafafunsa biyu ya matse takalminsa a tsakani, ya danne bakin maɗaurin da dungun hannun dama. Basilla na hannun hagu. Ya huda, ya zura zaren fata, ya ja da haƙori, ya ɗaure ƙarshen a babban yatsan ƙafa ya tamke, ya sake hudawa. Ba ya ko duban abin sosai, suna hirar farashin gero a kasuwar Dole. Na tsaya da buta a hannu ina ƙirga hudar a zuci, don na saba. Kafin in ankara ya yi takwas, a jere, tazararsu ɗaya.

Tsoho ya gan ni.

"Zo nan, Bafillace. Wannan ne ka ce ba shi da hannu?"

"Ban ce ba shi da hannu ba, baba. Awon ne ya nuna..."

"Awon ne ya nuna! Ni shekara hamsin ina aikin nan, ka taɓa ganina a kujera? Baduku hannu huɗu gare shi, biyu na sama biyu na ƙasa. Kai ka ɗora mutum a kujera ka rataye masa biyu, sannan ka zaɓi gurgun cikin biyun da suka rage."

"Ba ni na zaɓa ba. Na ce masa ya gwada da ɗayan." Na juya wajen manomin. "Malam, ban ce maka ba?"

Ya ajiye basillar, ya sunkuyar da kai.

"Ka ce, mushe."

"To me ya hana?"



"A hannunka ƙusoshin suke," ya ce. "Kai ma'aikacin gwamnati, ni na zo roƙo wurinka. In sa hagu a cikin tafinka? Ai ba a haife ni a daji ba. Tun da abin nan ya same ni, aiki duk da hagu nake yi. Amma ci da gaisuwa da karɓa daga hannun mutum, ko guntu ne da dama nake yi."

"Tallafar da kake yi fa? Kafaɗar ba ta ciwo?"

Ya dube ni kamar bai gane tambayar ba. Tsoho ne ya fashe da dariya har da buga buzu.

"Kai da wane hannu kake karɓar goro wurin ubanka? Ɗayan kuma ina kake sa shi, a aljihu? Wayyo lakwal, wayyo boko! An kai ɗan Fulani Yamai an dawo mana da Bature."

Haka nake karɓar kome daga hannun mahaifina tun ina yaro, dama a gaba, hagu a ƙarƙashin gwiwar hannu. Ko a safiyar ranar haka na karɓi makullin babur a hannunsa. Amma da na zauna bayan tebur da agogo, na ga mutum ya yi mini ladabi na rubuta shi a matsayin ciwo.

Na koma biro na rufe ƙofa. Komisiyo za ta zauna washegari da hantsi. Takardar na aljihun madam da tambarinta. Ita ce kuma za ta rubuta rahoton estaj ɗina, wanda da shi za a duba ko za a ɗauke ni aiki. Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin in yi shiru. Mutumin bai yi ƙorafi ba, la'asar na yi zai tafi, tsoho zai yi mini dariya sati guda ya manta. Na kuma yi tunanin in cika sabuwar takarda in cusa cikin na gobe, in ce waccan ta lalace. Na ɗauko farar takarda har na rubuta sunan ƙauyen. Sai na ga ban san lambar da zan sa ba, don ban auna hagun ba, kuma ba zan iya ƙirƙiro lamba ba. Ina jin wannan ne ya tashe ni, ba jarumta ba.

Madam mace ce mai kimanin shekara hamsin, ba ta da faɗa amma ba ta maimaita magana. Na tsaya gabanta na yi bayani mai tsawo, na fara tun daga ƙafar tebur. Ta bar ni na gama.

"Littafin ne ya ce ka riƙe ƙusoshin a hannunka?"

"A'a, madam. Farantin ne..."

"Tun yaushe kake haka?"

"Tun satin da na fara."

Ta cire tabarau ta dube ni. 

"Mutumin yana nan?"

"Yana rumfa."

"Ka sake auna shi yanzu, a gabana. Amma da allon nan, don komisiyo ba ta karanta takalmi. In bai kai layi ba, bai kai ba. Kuma tsohuwar takardar ba za a yaga ta ba. Za a liƙa sabuwar a kanta, ka rubuta dalili da hannunka."

Aka shimfiɗa tabarma a rumfa. Tsoho ya juye zarurrukansa daga wata ƴar ƙwarya ya ba da ita, na zuba ƙusoshin ciki na ajiye a ƙasa, na ja da baya don kada ya zama daga wurina yake ɗauka. Manomin ya matse allon da ƙafa. Madam ta tsaya a bakin rumfa da lema.

Littafin ya ce sau uku ake yi a ɗauki tsakiya. Da can sau ɗaya nake yi saboda layin mutane, wannan ma wani laifin ne da na gano a ranar. Karo na farko yana ɗauka da hagu yana satar kallon madam, ya gaza layin da ƙusa ɗaya. Na biyu ya kai daidai. Kafin na uku tsoho ya ce masa, "Kai, ɗauka gyaɗa kake shukawa, wannan Bafillacen kuma kurciya ce ke jira." Manomin ya yi murmushi, karo na farko da na ga haƙoransa ban da lokacin jan zare. Ya wuce layin da ɗaya. Na haɗa na raba har sau uku a bayan littafi. Tsakiyar ta faɗa a kan layin daidai, ba sama ba ƙasa.

"To me littafinka ya ce a kan wanda ya tsaya kan layi?" in ji madam.

Na buɗe na duba, ko da yake na san amsar. "Bai ce kome ba, madam."

"Ka rubuta abin da ka gani."

Na rubuta lambobin uku yadda suke. Na rubuta cewa awon farko ba shi da inganci saboda kuskuren mai awo, na bayyana kuskuren. Na rubuta cewa yana amfani da ƙafa biyu da dungun dama wajen riƙe aiki, kamar yadda ake yi a sana'ar. A wurin shawara na daɗe. Daga ƙarshe na sa, ana iya gwada shi a dukanci. Tsoho ya ce da shi ne zai goge "ana iya" ɗin, amma ni iyakar abin da na sani ke nan.

Manomin ya kwana wurin wani ɗan garinsu a unguwar Zango. Ban shiga zaman komisiyo ba, ba a shiga da masu estaj. Na zauna a biro ina jin muryoyinsu ta bango ba tare da na gane me suke cewa ba. Wajen azahar madam ta fito ta ce an ba shi gurbin, amma gwajin wata guda, in tsoho bai gamsu ba a sallame shi. Ta kuma ce akwai wani saurayi kurma da aka riga aka yi wa alama a gurbin, an ɗaga shi zuwa zango na gaba. Ban san ko ya dawo ba, don kafin lokacin na bar santir. Wannan yana damuna har yanzu.

Na je rumfa na gaya wa manomin. Ya ce, "Alhamdulillahi," ya miƙo mini guntun hannunsa na dama muka gaisa, sannan ya tambayi tsoho ƙarfe nawa ake fara aiki.

Watan gwajin ya wuce ba wanda ya sake ta da maganar. Ɗinkinsa ya yi kyau tun da wuri. Yankan fata ne ya ba shi wuya, wuƙar takan karkace masa, ya ɓata wa tsoho kirgi fiye da ɗaya, ya sha zagi daidai gwargwado. Ban tabbata ya taɓa ƙwarewa a yanka ba. Amma ya gama zangon, ya koma gida da basilla da wuƙa da fata biyu da santir ke ba wanda ya gama. Bayan shekara biyu na wuce Takieta a mota ranar kasuwa, na hango wani dogon mutum zaune a ƙasa da takalma jere a gabansa. Motar ba ta tsaya ba, kuma ba zan ce shi ne ba.

Madam ta sa maganar a rahotona, layi biyu, kuskuren da gyaransa. An ɗauke ni aiki duk da haka, a wani wuri. Kafin in tafi na bi takardun duk waɗanda na auna a baya. A guda uku na tarar da jimlar nan tawa ta tallafar hannu. Ɗaya mace ce daga wajen Gidimuni, muka aika aka kira ta, aka sake awon, hagun ma ba ta kai ba. Sauran biyun sunan ƙauye kawai suka bari, saƙon da muka aika ta hannun masu mota bai dawo da amsa ba.

Tsoho ya rasu, Allah ya jiƙansa. Amma madam na nan da rai, haka ma wasu daga cikin waɗanda suka koyi sana'a a zangon. Duk wanda ya ga na kauce a wani wuri, ko a jerin ranakun, ko a lambobin, ko a wanda ya faɗi wace magana, ina roƙo ya aiko mini in gyara. In kuma akwai wanda ya san mutum biyun nan da suka ɗauki ƙusa daga tafina aka mai da su gida, ko ya san abin da saurayin nan kurma ya ƙare da shi, don Allah ya sanar da ni.